Dragon Quest XI: tambayoyi da amsoshi bayan awa 20 na farko

Mako uku ke nan ina buga Dragon Quest XI, agogon da ke cikin wasan ya nuna na haura awa 20 da 'yan mintoci. Ban gama shi ba, ban ma hango ƙarshensa ba. Tun da na fara, abokai da ƙannena da suka saba ganina da wasan ƙwallo suke ta tambayar abin da ya haɗa ni da "wannan katun ɗin". Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaita mini, na amsa su gwargwadon abin da idona ya gani da abin da na sani na tarihin wasan.

Wai wane irin wasa ne, kuma me ake nufi da JRPG?

Haruffan nan huɗu taƙaitawa ce ta sunan da ake kiran wasannin bidiyo na Japan waɗanda mutum ke shiga rigar wani jarumi ya bi dogon labari daga farko har ƙarshe. Za ka fara da yaro mara ƙarfi, da ɗan takobi da 'yan kuɗi kaɗan. Kana tafiya gari zuwa gari, kana magana da mutane, kana yaƙar dodanni a hanya. Kowane faɗa yana ƙara maka gogewa, gogewar ta taru ta ɗaga ka zuwa mataki na gaba, ƙarfinka ya ƙaru, ka koyi sabuwar dabara. A hanya abokan tafiya suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da halinsa da abin da ya fito da shi daga gida.

Wanda ya taso a gidan gem yana buga ƙwallo ko dambe na minti biyar zai ji abin baƙo. A can, kana zaunawa ka ci ko a ci ka, ka miƙa wa na gaba. A nan babu na gaba. Kai kaɗai ne da labari, kana ɗaukarsa daga inda ka ajiye jiya.

Su wa suka yi shi, kuma yaushe ya fito?

Kamfanin Square Enix na Japan ne ya yi shi. Ya fara fitowa a Japan ranar 29 ga Yuli, 2017 a kan PlayStation 4 da Nintendo 3DS, aka sayar da fiye da miliyan 2 cikin kwana biyun farko. Amurka da Turai sai a watan Satumba na 2018 suka same shi. A 2019 aka fitar da bugu na biyu mai ƙarin kaya a kan Nintendo Switch, wanda ake ganewa da harafin S a bayan sunan, sannan a Disamba 2020 wannan bugun ya iso PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta.

Mutum uku ne ginshiƙin jerin wasannin Dragon Quest tun wasan farko na 1986. Yuji Horii shi ne mai tsara wasan da labarinsa. Akira Toriyama ne ya zana mutane da dodanni. Koichi Sugiyama ne ya tsara kiɗan. Sama da shekara 30 suna tare, abin da ba kasafai ake samu ba a wannan sana'a. Sugiyama ya rasu a 2021 yana da shekara 90, Toriyama kuma a Maris 2024. Sanin haka ya sauya yadda nake kallon wasan. Duk dodon da ya tare mini hanya yana murmushi, nakan tuna hannun da ya zana irinsa ya riga mu gidan gaskiya.

Na 11 ne. Sai na buga goman da suka gabace shi?

A'a. Labarinsa cin gashin kansa yake, da duniyarsa da mutanensa. Ni ma da shi na fara. Tsofaffin 'yan wasan za su riƙa gane wasu sautuka da dodanni da ishara ga wasannin baya, amma rashin gane su bai rage mini komai ba.

To, labarin me yake bayarwa?

Zan tsaya a awannin farko kawai. An haifi jarumin a gidan sarautar Dundrasil, yana jariri dodanni suka afka wa masarautar. Ruwa ya tafi da jaririn cikin kwando, wani tsoho mai suna Chalky ya tsince shi yana kamun kifi, ya kai shi ƙauyen Cobblestone, 'yarsa Amber ta raine shi kamar ɗan cikinta. Yaron yana da wani tambari a bayan hannunsa na hagu. Ranar da ya cika shekara 16, al'adar ƙauyen ta sa shi hawan wani babban dutse tare da Gemma, wadda suka taso tare, kuma a can sama tambarin ya haska, tsawa ta faɗo kan dodon da ya kawo musu hari.

Da suka sauko, uwar riƙonsa ta faɗa masa abin da ta daɗe tana ɓoyewa: shi ne wanda wasan ke kira Luminary, ma'abocin haske da aka yi alkawarin zai tunkari duhu. Wasiyyar marigayi kakansa Chalky ita ce ya je birnin Heliodor ya gabatar da kansa ga sarki. Ya hau doki ya tafi da zuciya ɗaya. Sarki Carnelian ya saurare shi, ya tambayi sunan ƙauyensu, sannan ya ce ai wannan ɗan duhu ne mai jawo bala'i, a jefa shi kurkuku. A can ƙasa ya haɗu da wani ɓarawo, Erik, wanda ya riga ya haƙa rami a ɗakinsa. Suka bi ta magudanar ruwa ta ƙarƙashin birni, wani ƙaton baƙin dodo ya biyo su, dakarun sarki suka ritsa su a bakin wani dogon gangare, suka rufe ido suka yi tsalle. Sai a lokacin sunan wasan ya bayyana a allo. Duk abin da ya wuce shimfiɗa ce.

An ce farkonsa yana jan ƙafa har ya gundiri mutum. Gaskiya ne?

Yana jan ƙafa, wannan gaskiya ne. Gundura kuma ta danganta da abin da ka zo nema. A daren farko na kusa ajiye shi. Awa guda ina yawo a ƙauye, ina gaisawa da tsofaffi, ina fasa tukwane don neman ganyen magani, kare yana bina a baya. Dodannin farko bugu ɗaya ko biyu suke faɗuwa. Na ce a raina, wannan ai na yara ne.

Abin da ya juya mini tunani ya faru ne wajen awa na huɗu, kuma wanda ba ya son a ɓata masa labari ya tsallake wannan sakin layi. Bayan tserewa daga kurkuku, jarumin ya koma ƙauyensu. Komai yana nan lafiya, sai dai babu wanda ya gane shi, har uwar da ta raine shi ta kore shi daga gida a matsayin baƙo. Can sai ka lura cewa baya aka mayar da kai, shekarun da jarumin yake ɗan ƙarami. Ka iske kakanka da ransa a bakin ruwa. Tsohon ya dube ka ya gane ka, ya saurari abin da ya same ka, ya gaya maka inda zai binne maka saƙo, ya kuma roƙe ka kada ka riƙe kowa a zuciya. Sai wahayin ya yaye. Ƙauyen da kake tsaye a cikinsa toka ne da baraguzai, dakarun sarki sun riga ka zuwa, kuma kai da bakinka ka faɗi sunan garin a fada.

Da ban yi wannan awa ɗayan ina gaisawa da mutanen ƙauye ba, da ƙonewarsa ba ta taɓa ni ba. Na san gidan da mai gari yake, na san inda shago yake, na san bishiyar da ke tsakiyar gari. Masu wasan sun san abin da suke yi da suka sa ni zama. Salon ya tuna mini da yadda kakata take tatsuniya: ba ta kai ka wurin dodo sai ta gaya maka sunan yarinyar, da na kishiyar uwarta, da abin da aka dafa a gidan ranar. In ka ce ta yi sauri sai ta ce to ka karɓa ka ƙarasa. Dragon Quest XI haka yake. Ba ya gudu, kuma ba ya jin kunyar rashin gudunsa. Daga wannan daren na daina ƙirga awannin da suka rage, na koma shiga kowane gida ina jin ta bakin kowa.

Yaya faɗan yake? Sai mai saurin hannu?

Ko kaɗan. Faɗan bi da bi ne. Idan layi ya zo kan ɗaya daga cikin mutanenka, wasan zai tsaya cak ya jira ka zaɓa: sara, sihiri, wata dabara ta musamman, kare kai, shan magani ko gudu. Kana iya yin minti goma kana tunani, dodo ba zai motsa ba. Ya fi kusa da dara fiye da dambe. Mutum huɗu ne suke tsayawa a fage lokaci guda, in tawagar ta fi haka ana iya musanya su ana tsakiyar faɗa.

Akwai abu biyu da ya kamata sabon shiga ya sani. Na farko, wasan yana barin abokan tafiyarka su yi faɗa da kansu bisa umarnin da ka ba su, kamar su kai hari ba sassauci ko su mai da hankali kan jinya. Ina ba da shawarar ka shiga saitin dabaru ka mayar da kowa ƙarƙashin umarninka kai tsaye, a nan daɗin yake. Na biyu, za ka ga ana iya zagayawa da jarumi a filin faɗa. Wannan ado ne kawai, ba ya kauce wa sara, ba ya ƙara ƙarfi.

Wani lokaci shuɗin haske yakan lulluɓe ɗaya daga cikin mutanenka, ƙarfinsa ya ƙaru na ɗan lokaci. Idan biyu ko uku suka shiga wannan hali tare, sukan haɗa hannu su yi wani gagarumin hari. Dodannin kuwa a fili kake ganinsu suna kiwo a daji, kai ne za ka zaɓi wanda za ka tunkara. In kana kan doki a guje, ƙananan cikinsu bangaje su kake yi su yi sama.

Me ya sa mutanen suke kama da na Dragon Ball?

Saboda hannu ɗaya ne ya zana su. Toriyama ne mai Dragon Ball, kuma duk wanda ya kalli katun ɗin yana yaro zai gane idanun da gashin nan take. A wurina dodanninsa sun fi mutanensa. Mafi shahara shi ne Slime, wani shuɗin ɗigo mai kama da albasa, da zagayayyun idanu da murmushi, wanda ya zama tambarin jerin gaba ɗaya. Akwai kokwamba mai riƙe da mashi, akwai zomo mai ƙaho, akwai jemage mai dariya. Akwai kuma ɗan'uwan Slime na ƙarfe, mai ba da gogewa mai yawan gaske, amma da wuya ya tsaya ka sare shi sau biyu kafin ya arce. Sau uku na gamu da shi, sau ɗaya na samu.

A cikin abokan tafiya wa ya fi kwanta maka?

Zuwa yanzu mu biyar ne. Erik yana da sauri, yana aiki da wuƙa, yana kuma iya yashe wa dodo aljihu ana cikin faɗa. Sai tagwaye mata daga Arboria, waɗanda aka aiko su kare jarumin. Serena mai sanyin hali ce, ita ce mai jinya. Veronica ita ce babba, amma wani dodo ya tsotse mata sihiri har jikinta ya koma na ƙaramar yarinya, ga ta da kaifin baki, ga wuta a hannu. Ganin 'yar mitsitsiyar yarinya tana yi wa ƙanwarta doguwa faɗa irin na yaya yana sa ni dariya har yanzu.

Amma Sylvando ne ya ba ni mamaki. Ɗan wasan nishaɗi ne mai ado da rangwaɗa da yawan surutu, na ɗauka don ban dariya kawai aka sako shi. Sai ga shi a inda ake buƙatar namijin magana shi ne ya tsaya ya tuna wa wani yarima abin da ake nufi da rantsuwar barde. Burinsa a duniya ya ga mutane suna murmushi, kuma wasan bai mai da wannan buri abin raini ba. Akwai wani tsoho, Rab, da wata jaruma, Jade, da ake gani a hoton kwalin wasan. Ban kai ga shigarsu tawaga ba tukuna.

Garuruwan fa?

Nan ne wasan ya fi nuna gwaninta. Kowane gari yana da ginin kansa, tufafinsa, kiɗansa da damuwarsa, kamar kowanne ƙaramar tatsuniya ce a cikin babba. Hotto garin maɓuɓɓugar ruwan zafi ne a gindin dutse mai aman wuta, an yi shi bisa tsohuwar Japan. Gondolia garin fatake ne a bakin teku, da kwale-kwale a tsakiyar unguwanni kamar birnin Benis na Italiya.

Gallopolis ce ta fi zauna mini. Birni ne a cikin hamada, mai sarki da ake kira sultan, mutanensa ba su da zance sai na dawaki da sukuwa. Yarima Faris, ɗa tilo, iyayensa da talakawa duk sun ɗauka gwarzo ne, alhali ko zaman sirdi bai iya ba. Ana gobe babbar sukuwa ya lallaɓo ya roƙi jarumin ya sa kayansa da kwalkwalinsa ya hau a madadinsa. Ka hau, ka yi tseren da hannunka, jama'a suna ta yi wa yarima kirari. Sai ƙarya ta haifi 'ya: tunda an ga bajintarsa, sai uban ya tura shi ya kashe wata ƙatuwar kunama da ta addabi hamada. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan salla ya san nauyin da ke kan ɗan sarki ranar da ya fito bisa doki a gaban jama'a, don haka ban ji labarin a matsayin na wata ƙasa mai nisa ba. Abin da na fi so shi ne wasan bai wulaƙanta Faris ba. Ya nuna tsoronsa, ya nuna yadda yabon iyaye ya ɗaure shi, sannan ya ba shi damar tsayawa da ƙafarsa ko da tana rawa.

Na ji ana maganar ƙira a ciki. Mene ne?

Tun da wuri za a ba ka wata 'yar maƙera ta tafi-da-gidanka. Kana tsintar ƙarfe da fata da duwatsu a daji, kana samun tsarin ƙira a cikin jajayen littattafai da ke kan kantocin gidajen mutane. In ka zauna ƙira, ƙarfen yana fitowa da zafinsa, kowane bugun masaba yana rage zafin yana kuma cin ƙarfin hankalinka. Aikinka ka kai kowane sashe daidai gwargwado, kada ka gaza, kada ka zarce. In hannunka ya faɗa daidai, takobin ko sulken yakan fi na kasuwa inganci, ga arha. Na taɓa zama kusan awa guda a zango ban yi faɗa ko ɗaya ba, ina ta gyaran kayan tawaga.

Turancina ba mai ƙarfi ba ne. Zan iya?

Za ka iya bin hanya, domin taswira tana nuna inda za ka, kuma akwai wurin da za ka tambayi abokan tafiyarka su tuna maka abin da ake ciki. Duk sanda ka kunna wasan ma yakan kawo taƙaitaccen bayanin inda labari ya tsaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, Turancin yana da lanƙwasa. Masu fassara sun ba kowane gari karin harshensa. Mutanen ƙauyen jarumi suna magana irin ta ƙauyukan Ingila, na Gondolia suna cakuɗa Italiyanci, na Hotto kuwa duk maganarsu a cikin gajeren baiti mai layi uku suke yinta, irin waƙar Japanawa. Sunayen dodanni yawancinsu wasa da kalmomi ne. Wanda ya yi karatun sakandare zai fahimci labarin, sai dai wasu barkwancin su wuce shi.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi suna iya mayar da rubutun Faransanci. Akwai kuma Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Babu Larabci, babu Hausa.

Akwai abin da ya saɓa wa addini ko tarbiyya? Zan iya barin yara su buga?

Wannan tambaya ta cancanci amsa ba ƙumbiya-ƙumbiya. Duniyar wasan ƙagaggiya ce, tana da nata abin bauta da nata tatsuniyar halitta. Akwai wata babbar bishiya da ke shawagi a sama, Yggdrasil, wadda aka ce kowane ganyenta ran mutum ne. Jarumin kansa an ce wani gwarzon dā ne ya sake dawowa duniya. Ana adana wasa a wani gini mai siffar coci a gaban limaminsa, ko a gaban wani mutum-mutumi a zango. Sihiri kuwa ko'ina. Ni na ɗauke su kamar yadda nake ɗaukar aljanu da dodanni a tatsuniya, amma na san akwai wanda zuciyarsa ba za ta natsu ba, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba.

Bayan haka akwai mashaya a garuruwa, akwai gidan caca a gaba wanda ake bugawa da kuɗin cikin wasa, ba kuɗin gaske ba, akwai wasu tufafin mata da ba su da sutura, da wani barkwanci na manya da wasu mata ke tayin yi wa jarumi a lungu. Mafi yawan waɗannan ana iya wuce su ba tare da an rasa komai na labari ba. Da wuya ka ga jini, dodo in ya faɗi ɓacewa yake cikin hayaƙi. A Amurka an sa shi a rukunin 'yan shekara 13 zuwa sama. Ƙanina mai shekara 10 yakan zauna kusa da ni ya kalla, yana zaɓa mini harin da za a kai, amma ban bar masa shi kaɗai ba.

Wani abu da na yaba: tunda faɗan yana jiranka, in an kira salla sai ka ajiye ka tashi, ka dawo ka iske komai yadda ka bar shi. Wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet ba su ba ka wannan.

In aka ɗauke wuta fa? Kuma yana cin data?

Bayan an sauke shi ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Saukewar ce mai nauyi: kusan gigabait 14 a Switch, a kwamfuta da PlayStation kuma ya fi haka nesa. Wanda ya samu faifai ko katin wasan ya huta.

Wuta kam ta taɓa yanke mini ina tsakiyar wani kogo, na yi kusan minti 40 ban adana ba. Da ta dawo sai na tarar wasan ya adana da kansa a lokacin da na shiga wurin, abin da na rasa bai taka kara ya karya ba. Duk da haka na koyi darasi, duk zangon da na gani sai na tsaya na adana. Mai Switch ko kwamfutar cinya ya fi mu kwanciyar hankali a nan.

Wane bugu zan nema? Akwai shi a waya?

Nemi mai harafin S. Hotonsa ya ɗan gaza na asali kaifi, domin don Switch aka fara gina shi, amma abin da ya ƙara ya fi abin da ya rage: kiɗan da ƙungiyar makaɗa ta birnin Tokyo ta buga da kayan kiɗa na gaske, muryoyin Japananci ga mai so, damar ƙara saurin faɗa, ƙira a ko'ina ba sai a zango ba, da ƙarin labaran abokan tafiya. Ana ma iya juya wasan gaba ɗaya ya koma salon zanen wasannin shekarun 1990.

Mafi muhimmanci, wannan bugun yana da ɗanɗano na kyauta mai tsawon kusan awa 10, wanda zai kai ka har haɗuwa da tagwayen, kuma in ka sayi cikakken wasan daga inda ka tsaya za ka ci gaba. Kada ka fitar da ko kwabo sai ka gwada wannan.

A waya babu na 11. Amma na 1 zuwa na 6 da kuma na 8 suna nan a Android da iPhone, na saye ne.

Me bai yi maka daɗi ba?

Abu uku. Kiɗan da ake sawa in kana tafiya a daji ɗaya ne, yana da ƙarfi, kuma bayan awa 15 ya fara hawa mini kai. Na biyu, jarumin ba ya magana. Na san da gangan ne, don mai wasa ya ɗauka shi ne, amma a wurin da ya tsaya kan tokar ƙauyensu na so ya ce wani abu, ko kalma ɗaya. Na uku, sau da yawa akan tambaye ka e ko a'a, in ka ce a'a sai a sake maimaita tambayar har ka ce e. Gara a ce mini babu zaɓi da a nuna mini ƙofar da ba ta buɗuwa.

Bai yi sauƙi da yawa ba?

A awannin farko ya yi. Kunamar hamada ce ta fara kayar da tawagata gaba ɗaya, kuma laifina ne, na shiga ba tare da na gyara sulke ba. In aka kayar da ku kuka zaɓi a mayar da ku inda kuka yi adanar ƙarshe, rabin kuɗin da ke aljihu yana tafiya, shi ya sa ake ajiya a banki kafin shiga wuri mai haɗari. Wanda ya saba da irin waɗannan wasanni yana iya kunna wasu sharuɗɗan tsanani tun a wurin rubuta sunan jarumi, kamar ƙara wa dodanni ƙarfi ko hana sayayya a shago. Ana iya kashe su daga baya, amma ba a kunna su in tafiya ta riga ta fara. Sabon shiga ya bar su.

Da gaske ne akwai dokar da ta hana fitar da Dragon Quest a ranakun aiki a Japan?

Babu irin wannan doka, ko da yake zancen ya yaɗu. Asalinsa shi ne lokacin da na 3 ya fito a watan Fabrairu na 1988, ranar Laraba, mutane suka yi dogayen layuka a shaguna, ɗalibai da yawa suka gudu daga makaranta har 'yan sanda suka shiga maganar. Daga baya kamfanin da kansa ya koma fitar da manyan wasannin jerin a ƙarshen mako, kuma ranar da na 11 ya fito Asabar ce. In kana son sanin matsayin jerin a wurin Japanawa, a bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 da taken Dragon Quest aka fara shigo da tawagogin ƙasashe fili.

Awa nawa zai ci, kuma za ka ƙarasa?

Waɗanda suka gama sukan yi maganar awa 60 ko fiye kafin sunayen masu aikin su hau allo, kuma bayan nan akwai wani babban kashi na labarin da ke iya kai mutum kusa da awa 100. Ni awa ɗaya nake samu bayan isha'i, ranar Asabar wani lokaci biyu ko uku. Da wannan lissafi zan kai watanni, kuma hakan bai dame ni ba, domin kowane gari yana ƙarewa cikin dare uku ko huɗu, ka kwanta da labari cikakke.

Jiya na fito daga Gondolia da ƙyar, baraden sarki suna bina har bakin ruwa, Sylvando ya iso da jirginsa ya kwashe mu. Yanzu teku a buɗe take, taswira ta nuna gaɓar da ake so in nufa, amma na hango wani ɗan tsibiri a gefe, can zan fara sauka yau da dare.